Lissafi Ya Bi Sawun Gyambon Buruli Har Bakin Fadama

Mu masu aikin gona da raya karkara, kullum maganarmu ruwa ce. Mukan ce a tare ruwa, a haƙa tafki, a shiga fadama a yi noman rani, a shuka shinkafa inda ruwa yake kwanciya. Ba mu janye wannan magana ba, gama ƙauyen da ba shi da ruwa ba shi da ci gaba. Amma akwai wata cutar fata wadda ita ma ruwan kwance take bi. Tun da mu ne muke tura mutane bakin ruwa, ya wajaba mu san ta, mu kuma sanar da ku. Sunanta gyambon Buruli. A wannan fitowa za mu ba ku labarinta, da labarin yadda masana suka bi sawunta da lissafi, wato tarawa da ɗebewa da ninkawa irin waɗanda ake koya wa yara a makaranta.

Wace irin cuta ce?

Ƙwayar da ke kawo gyambon Buruli 'yar'uwar ƙwayar kuturta ce da ta tarin fuka. Dukansu uku gida ɗaya suka fito. Likitoci suna kiran wannan Mycobacterium ulcerans. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ba ta son zafi mai yawa. Takan yi girma a ɗumin digiri 29 zuwa 33, cikin jikin mutum kuwa ya kai digiri 37. Saboda haka ba ta cika shiga can ciki ba, sai ta tsaya a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, musamman a ƙafa da hannu.

Muguntarta tana cikin dafin da take fitarwa, wanda masana suka gano a 1999 suka sa masa suna maikolakton. Dafin nan yana kashe nama, yana hana jiki tashi ya yi faɗa da ƙwayar, yana kuma kashe zafin ciwo. Shi ya sa cutar take farawa shiru. Mutum zai ga ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko wani wuri ya yi tauri, ko hannu ya kumbura, amma babu zafi, babu zazzaɓi. Sai ya ce ba kome. Bayan makonni sai wurin ya fashe ya zama gyambo, yana ci ta ƙarƙashin fata, har ramin da ke ciki ya fi bakin da ake gani faɗi. In an bar shi yakan kai ga ƙashi. Ko ya warke daga baya, tabon yakan ƙage gwiwa ko gwiwar hannu, manomi ya kasa riƙe fartanya, yaro ya bar makaranta. A Afirka kusan rabin masu kamuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ba kowane gyambo ne Buruli ba. Akwai na ciwon sukari, akwai na sikila, akwai na raunin da aka bari ya ruɓe. Asibiti ne kaɗai ke iya rarrabewa.

Inda aka gan ta

A 1897 wani likitan mishan, Albert Cook, ya rubuta labarin irin waɗannan gyambuna a asibitin Mengo da ke Kamfala, ƙasar Yuganda. A 1948 likitoci a Ostareliya suka ba da labarin ƙwayar kanta, daga majinyatan yankin Bairnsdale. Sunan Buruli kuwa na wata gunduma ce a Yuganda, kusa da Kogin Nilu, inda cutar ta yi yawa a shekarun 1960. An ba da rahotonta daga ƙasashe 33, amma ta fi nauyi a ƙasashe masu damshi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, irin su Kwaddibuwa, Gana, Benin, Kamaru da Kwango.

A Nijeriya an fara rubuta labarinta a 1967 daga kwarin Binuwai. Daga baya aka same ta a Ibadan, da jihohin kudu irin su Ogun da Kuros Riba. Tsakanin 2005 da 2013 mutane fiye da 100 daga Jihar Ogun suka ƙetare iyaka aka yi musu magani a asibitin garin Pobe na ƙasar Benin. Busassun ƙasashenmu na can arewa ba gidanta ba ne. Amma mutanenmu ba a gida kaɗai suke zaune ba. Akwai masu zuwa ci-rani gonakin koko a kudu, akwai masunta a Binuwai, akwai 'yan kasuwa da manoma a Kamaru da Gana. Za ku ga a gaba dalilin da ya sa wannan tafiya take da muhimmanci.

Tun farko likitoci sun lura da abu ɗaya. Inda ruwa ya sake hali, nan cutar take tasowa. A Yuganda ta yi yawa bayan babbar ambaliyar da aka yi daga 1962 zuwa 1964. A sansanin Kinyara, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira daga Ruwanda kusa da Nilu, mutane da yawa suka kamu, da aka ɗauke su daga wurin kuwa sai sababbin kamu suka tsaya. A Ibadan an gan ta bayan da aka tare wani ƙaramin rafi a harabar jami'a aka yi tafki. A arewacin Laberiya an ba da rahotonta bayan da manoma suka koma noman shinkafar fadama. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amma wane abu ne cikin ruwan? Ta wace hanya yake shiga jiki? A wane wata? Ido kaɗai bai iya ba da amsa ba. A nan ne lissafi ya shigo.

Me ya haɗa lissafi da cuta?

Kowane magidanci yana yin irin wannan lissafi ko da bai taɓa shiga aji ba. Yakan dubi rumbunsa bayan kaka ya ce, dami kaza na saka, bakin da ke ci kaza ne, kowace rana ana ɗiban kwano kaza, ashe hatsin nan zai kai mu watan kaza. Bai jira rumbu ya ƙare ba kafin ya sani. Ya kwatanta abin a kansa. In ya ga ba zai kai ba, sai ya sake lissafi: in na sayar da akuya fa? in yara biyu suka tafi ci-rani fa? Abin da masana ke yi ke nan da cuta, sai dai su a takarda da kwamfuta suke yi. Mu kira shi lissafin kwatanci.

Ba sabon abu ba ne. Likita Ronald Ross, wanda ya nuna a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana girma a cikin sauro, ya zauna ya yi wa cutar lissafi, ya buga shi a 1911. Lissafinsa ya nuna cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. In aka rage su suka sauka ƙasa da wani adadi, cutar za ta mutu da kanta. A ƙasarmu ma an yi irin wannan aiki. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban bincike a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta lokacin, yanzu Jigawa. An ƙidaya sauro, an gwada jinin mutane, an yi feshi, an raba magani, aka kuma gina lissafin kwatanci aka gwada shi da abin da aka gani. Har yau masana a duniya suna koyo daga aikin Garki.

Rumbuna huɗu da tafki ɗaya

Ga yadda ake gina lissafin. A ɗauki mutanen ƙauye a raba su rumbu huɗu. Rumbu na fari, masu lafiya. Na biyu, waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu amma ba ta nuna ba tukuna. Na uku, masu ƙullutu ko gyambo. Na huɗu, waɗanda suka warke. Kowane wata waɗansu suna fita daga wannan rumbu suna shiga wancan. Aikin mai lissafi shi ne ya gano abin da ke buɗe ƙofar da ke tsakanin rumbu da rumbu, da yawan masu wucewa.

A cuta irin ƙyanda, abin da ke buɗe ƙofar farko shi ne mara lafiya kansa. Yaro ɗaya mai ƙyanda yana iya sa wa yara 12 zuwa 18 inda ba a yi rigakafi ba. Saboda haka a lissafin ƙyanda, yawan sababbin kamu yana bin yawan marasa lafiya. Gyambon Buruli ba haka yake ba. Ba a san shi da tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Mai jinya ba ya ɗauka daga wanda yake jinya. Don haka dole mai lissafi ya ƙara abu na biyar wanda ba mutum ba, wato tafkin kansa, da laka da ruɓaɓɓen ganye da ƙwarin da ke cikinsa. Yawan ƙwayar da ke tafkin yana hawa yana sauka bisa ga ruwan sama, da ambaliya, da zafin ruwa, da iskar da ke cikin ruwan, da irin halittun da ke zaune ciki. Waɗannan su ne ake kira abubuwan muhalli.

Bari mu yi misali. Lambobin nan namu ne, mun ƙaga su ne domin koyarwa kawai, ba na wani ƙauye ba ne. A ce mutum 200 suna shiga wata fadama, waɗansu noma, waɗansu wanki, waɗansu ɗiban ruwa, yara kuma wasa. A ce kowa yana shiga kwana 20 a wata. In aka ninka 200 sau 20, an sami shiga 4,000 a wata. A ce cikin kowace shiga 2,000, ɗaya ce take ƙarewa da kamuwa. Ke nan mutum 2 a wata, 24 a shekara.

To, a ce ƙauyen ya haƙa rijiya mai murfi, masu wanki da masu ɗiban ruwa da yara suka daina zuwa fadama, shiga ta ragu da rabi. Kamu ya koma 12 a shekara. A ce kuma manoman da ba su da yadda za su yi sai sun shiga, sun fara sa dogon wando da takalmi, suna wanke kowane rauni da sabulu, haɗarin kowace shiga ya ragu da rabi. Kamu bai tsaya a 12 ba, ya koma 6. Rabin rabi ke nan. Wannan shi ne darasi na fari da lissafi yake koyarwa: tun da ninkawa ake yi ba tarawa ba, ƙananan dabaru biyu in sun haɗu sukan yi aikin babbar dabara. Ku lura kuma, a cikin lissafin nan duka babu inda korar mai gyambo daga gida ta rage ko da mutum ɗaya.

Abin da aka samu a Kamaru

Misalinmu na takarda ne. Masana kuwa sai sun fita sun auna. Wurin da aka fi yin wannan aiki shi ne Kamaru, a yankuna biyu. Na ɗaya Akonolinga, a bakin Kogin Nyong, gabas da Yawunde, ƙasar kurmi mai faffaɗar fadama. Na biyu Bankim, a lardin Adamawa na Kamaru, ba nisa da iyakarmu ta wajen Mambila, inda aka tare Kogin Mape da babbar madatsa a ƙarshen shekarun 1980, cutar kuma ta bayyana a ƙauyukan yankin daga baya.

A Akonolinga ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fara jinyar masu gyambon a asibitin garin a 2002, ana rubuta ƙauyen kowane majinyaci da watan da ya zo. Da aka ɗora wannan rajista a kan taswira, sai aka ga haɗarin ya fi yawa a ƙauyukan da ke bakin Nyong, musamman inda aka sare kurmi ana noma a fadama, yana kuma raguwa yayin da ake nisa da kogin.

Daga Yuni 2012 zuwa Mayu 2013 masu bincike na Kamaru da Faransa suka zaɓi wuraren ruwa 32, wato 16 a kowane yanki, da rafi da kogi da fadama da wuraren da ambaliya ke kwanciya. Kowane wata suna komawa, suna kama ƙananan halittun ruwa, suna auna ruwan, suna neman alamar ƙwayar. Suka same ta a jikin halittu iri iri, ba iri ɗaya kawai ba, ta kuma fi yawa a fadamu masu ruwan kwance. Yawanta yana canzawa wata zuwa wata.

A lokacin akwai ra'ayi biyu. Waɗansu masana suna ganin manyan ƙwarin ruwa masu cizo ne suke sa wa mutane cutar, gama a 2002 an nuna a ɗakin gwaji cewa cizon irin wannan ƙwaro yana iya sa wa ɓera. Waɗansu kuwa suna ganin mutum yana ɗauka ne kai tsaye daga ruwa da laka, ta wurin huda ko rauni. Ba za a iya gwada wannan a jikin mutane ba. Sai aka gina lissafin kwatanci mai ƙofa biyu, ɗaya ta cizon ƙwaro, ɗaya ta taɓa gurɓataccen ruwa. Aka zuba masa abin da aka auna a ruwa wata wata, aka ce ya faɗi yawan majinyatan da ya kamata a gani a kowane wata da kowane wuri. Sa'an nan aka gwada amsarsa da rajistar asibiti. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa ƙofar ruwa da laka ce ta fi dacewa da abin da ya faru a zahiri, ta cizon ƙwaro kuwa ba ta yi bayani mai yawa ba.

Wani gwaji da aka buga a 2017 ya ƙara haske. An shafa ƙwayar a wutsiyar ɓeraye. Waɗanda aka bari haka ba su kamu ba. Waɗanda aka huda fatarsu da allura suka kamu, haka ma kaɗan daga waɗanda sauro ya ciza. Ashe sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga manomi, tsagar bangon ita ce ƙaya, da tsinin kara, da kaifin ciyawa, da cizon ƙwaro, a ƙafar da ta sha laka.

Tsakanin shuka da girbi

Abu na biyu da lissafi ya tona shi ne maganar lokaci, kuma a ganinmu shi ne ya fi shafar masu karatunmu. Da aka bi rajistar Akonolinga ta 2002 zuwa 2012, aka ga majinyata sun fi zuwa asibiti a wajen watan Maris. Wanda bai yi tunani ba zai ce cutar ta watan Maris ce. Amma wanda ya ga dawa ta nuna a kaka ya san ba ranar aka shuka ta ba. Da masu lissafi suka ja baya da wata biyar zuwa shida, wato lokacin da ƙwayar ke kwance a jiki da lokacin da mutum ke ɓatawa kafin ya je asibiti, sai suka faɗa kan Agusta zuwa Oktoba, lokacin babbar damina, sa'ad da Nyong yake cika yana malala cikin fadamu.

Yaya aka san tsawon kwanciyar ƙwayar a jiki? A Afirka da wuya, gama mai zama bakin fadama kullum yana cikinta, ba wanda zai ce ga ranar da ya ɗauka. Amsar ta fito daga Jihar Biktoriya ta Ostareliya, inda cutar take a waɗansu garuruwan bakin teku da mutane ke zuwa hutu. Likitoci suka nemi majinyatan da suka je irin wannan gari sau ɗaya tak, na ɗan lokaci, suka koma gida. Aka ƙidaya kwanaki daga ziyara zuwa fitowar ciwo. A rahoton 2013, matsakaicin ya kama wata huɗu da rabi. Mafi sauri ya ɗan wuce wata ɗaya, mafi jinkiri ya kusa wata tara.

Ku dubi abin da wannan yake nufi gare mu. Saurayi ya tafi aikin gona a kudu, ko su a Binuwai, ko ya yi watanni a wajen Bankim. Ya dawo gida lafiya lau. Bayan wata huɗu ko biyar sai ƙullutu ya fito masa a ƙwauri. Shi ya manta da fadamar da ya shiga. Iyayensa ba su taɓa ganin irin ciwon ba. Ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ma bai saba da shi ba, gama ba cutar yankinsa ba ce. Ciwo ba zafi, yana ci, ba ya jin maganin da aka saba. Nan da nan sai a fara cewa sammu ne, ko jifa, a fara zargin maƙwabci ko kishiya. A ƙasashen da cutar take da yawa, wannan zargi yana cikin manyan abubuwan da ke sa a makara zuwa asibiti. Watannin nan da ke tsakanin shiga ruwa da fitowar gyambo su ne suke ɓoye mai laifin gaskiya.

Kowace ƙasa da lissafinta

Kada a ɗauka amsar Kamaru ita ce amsar ko'ina. A Biktoriya masana sun gano cewa wata dabbar bishiya da ake kira fosam, mai girman kyanwa, tana kamuwa da cutar, kashinta kuma cike yake da ƙwayar. A 2024 aka buga binciken da ya haɗa taswirar kashin fosam, da ta sauron da aka kama ɗauke da ƙwayar, da ta gidajen majinyata a kewayen birnin Melbon, ya nuna cewa a can wani irin sauro ne yake ɗauko ta ya kai wa mutane. Ƙwaya ɗaya, hanya dabam. Wanda ya kwashi lissafin Melbon ya kai Akonolinga ba tare da ya auna ba, ya yi kamar wanda ya kawo irin masarar kurmi ya shuka a Katsina yana jiran buhunan da aka samu a can.

Lissafi kuma yana iya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. A gundumar Amansie ta Yamma a Gana, ƙasar haƙar zinariya, wani bincike na 2004 ya ga cutar ta fi yawa inda ƙasa da ruwa suke da gubar asanik. Amma inda ake haƙar zinariya, nan ne kuma ake sare daji ana barin ramuka cike da ruwa. Taswira takan nuna inda za a duba, sai an je an duba kafin a yanke hukunci.

Akwai kuma taswirar da masana suka buga a 2021. Sun ɗauki wuraren da aka tabbatar da cutar a Afirka, suka dubi ruwan samansu da zafinsu da irin ƙasarsu da kusancinsu da ruwa, sa'an nan suka sa kwamfuta ta nemo sauran wuraren da suka yi kama da su. Wuraren da suka dace da cutar sun fi waɗanda ake kawo rahoto daga cikinsu faɗi. Ma'ana, akwai ƙauyukan da mai yiwuwa suna da masu gyambon amma ba wanda ya rubuta su. Mafi gwanintar mai lissafi ba zai iya ƙidaya abin da ba a rubuta ba. Duk abin da aka gano a Akonolinga ya tsaya ne a kan ma'aikatan da suka yi shekara goma suna cika littafi da sunan ƙauye da kwanan wata.

Akwai magani

Da, sai dai a yanke naman da ya ruɓe a yi dashen fata, majinyaci ya yi watanni a gadon asibiti. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri na musamman domin wannan cuta. A 2004 ta ba da shawarar a haɗa magani biyu na mako 8, ƙwayar rifamfisin da allurar sitireftomaisin. Allurar tana da wahala, tana kuma iya taɓa ji. Tun 2017 aka koma ga haɗin sha zalla, rifamfisin da kilaritiromaisin, kullum har mako 8. Likitoci sun kasa ciwon kashi uku: wanda bai kai santimita 5 ba, wato kamar inci 2, da wanda ke tsakanin 5 da 15, da wanda ya wuce 15. Na farko yakan warke da magani da wankin ciwo, ya bar ɗan tabo. Na uku yakan bukaci fiɗa da dogon jinya, sau da yawa kuma ya bar naƙasa. Bambancin na farko da na uku ba wani abu ba ne illa watannin da aka zauna a gida.

Abin da za mu yi

Binciken da aka yi a ƙauyukan Gana da Kamaru, inda aka gwada halin waɗanda suka kamu da na maƙwabtansu da ba su kamu ba, ya nuna abubuwan da ke tafiya tare da ƙarancin kamuwa. Ba masu tsada ba ne. Ga su, tare da abin da lissafin ya koya mana.

1. Mai aiki a fadama ko gonar kurmi ya rufe jikinsa: dogon wando, riga mai dogon hannu, da takalmin roba in da hali.

2. Duk raunin da aka ji a gona ko a ruwa, ko da ƙaya ce, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta a ranar, a rufe shi. Kada a shafa masa laka ko toka.

3. A kwana cikin gidan sauro.

4. A raba ruwan noma da ruwan gida. Duk ƙauyen da zai tare rafi ko ya haƙa tafki, ya sa rijiya mai murfi cikin shirin tun farko, domin mata da yara kada su riƙa shiga ruwan kwance saboda wanki da ɗiba.

5. Ƙullutu ko kumburi ko tauri a fata wanda ba ya zafi, kada a jira ya fashe. A kai asibiti. Rashin zafin shi ne abin tsoro.

6. In kun je asibiti, ku gaya wa likita duk inda kuka zauna cikin wata tara da suka wuce, ko da bai tambaya ba. Ku ambaci kogin ko fadamar da sunanta.

7. Kada a ware mai gyambo, kada a zargi kowa saboda shi. A ci tare da shi, a raka shi asibiti, a tabbata ya shanye maganinsa na mako 8.

8. Kowane kwamitin ƙauye da ke da madatsa ko fadamar shinkafa ya ajiye littafi. A rubuta watan da ruwa ya cika da watan da ya janye. A rubuta duk wanda ya sami gyambon da ya ƙi warkewa: shekarunsa, unguwarsa, ruwan da yake shiga, da watan da abin ya fara. A riƙa nuna wa ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma.

Mu kanmu malaman gona, wannan na takwas ya hau kanmu kafin kowa. Mun saba rubuta buhun taki nawa aka raba, kadada nawa aka nome, buhu nawa aka girbe. Bai kamata mu kawo wa ƙauye sabon ruwa mu ƙidaya shinkafar da ya bayar, mu bar ƙidayar abin da ya yi wa jikin mutane ba. Ƙarin shafi ɗaya ne a littafin da muke yawo da shi.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata su karanta wannan a taronsu na gaba, su yi misalin fadama mai mutum 200 a allo ko a ƙasa, su sa lambobin ƙauyensu a maimakon namu. Wanda yake da ɗa ko ƙane a ci-rani a kudu ko Kamaru ko Gana, ya aika masa da labarin. In kuna da tambaya, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana, za mu amsa a fitowa ta gaba.